Ciki ya samu bayan shekara tara, amma tsoro ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Daura, shekarata 34, shekara tara da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Likitoci sun ce hanyoyin ƙwaina duka biyu a toshe suke. Bara muka je Abuja aka yi mini dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwaina da maniyyin maigida a asibiti sannan a saka a mahaifa, bai kama ba. Bana maigida ya sayar da filinsa, ni na sayar da sarƙata da 'yan kunne, muka koma. An saka mini ƙwai biyu masu kwana biyar, yau kwana 24 ke nan. Gwajin jini ya nuna ciki, na farko 210, bayan kwana biyu 460. An ce in koma hoto nan da mako guda. Amma wallahi Anti ba na barci. Shekaranjiya na ga ɗan jini baƙi-baƙi a jikina. Jiya kuma tashin zuciyar da nake yi ya ɗauke, nonona ya daina ciwo, marata tana ɗan murɗawa kamar al'ada za ta zo. Kullum da asuba sai na yi gwajin fitsari, in jera tsinkayen ina duba layin. Uwar mijina ta ce kada in sauko daga gado, ta kuma kawo mini jiƙo wai na riƙe ciki. Ina jin kunyar Allah, ya ba ni abin da na roƙa amma na kasa murna. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya inganta, ya raba lafiya.

Da gangan na fara da wannan addu'ar, don na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda kika yarda kika ce "ina da ciki" ba. Kin ce gwaji ya nuna, kin ce an ce. To ni bari in faɗa miki: kina da ciki. Ga lissafinsa. Ranar da aka dasa ƙwai mai kwana biyar, likitoci suna ƙirga mace tana da cikin mako biyu da kwana biyar. Ki ɗora kwana 24 a kai, yau cikinki mako shida ne da kwana ɗaya. Abin da ke cikin mahaifarki yanzu bai wuce girman ƙwayar dawa ba, kuma a cikin wannan makon ne zuciyarsa ke fara bugawa. Sinadarin da aka auna a jininki, wanda ake kira hCG, ana so ya riƙa ninkawa cikin kwana biyu zuwa uku a farkon ciki. Naki ya tashi daga 210 zuwa 460 a kwana biyu. Ya ninka har da ɗoriya.

Maganar kunyar Allah kuwa, ki sauke ta daga wuyanki. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Shekara tara kina shiga banɗaki duk wata zuciyarki na dukan uku-uku, kina fitowa kina share hawaye kafin a gani. Kin je sunan ƙannenki da na 'ya'yan maƙwabta, kin ji "saura ke" har kin gaji, wataƙila kin sha gorin da ba ki rubuto mini ba. Bara kuma kin sa rai, aka ce bai kama ba. Zuciyar da ta sha wannan ba ta iya sakin jiki cikin kwana goma don takarda ta nuna lamba. Na yi shekaru ina aikin awo a Katsina, kuma kusan duk matar da na gani ta samu ciki bayan dogon jira haka take zuwa, fuska ba walwala, hannu a kan mara. Babu rashin godiya a cikin wannan.

Yanzu abin da ba ya jira. Yau ɗin nan, kafin la'asar, ki buga wa likitan da ya yi miki dashen waya ki gaya masa kin ga jini. Jinin shi kaɗai bai tayar mini da hankali ba. Kusan mace ɗaya cikin huɗu tana ganin jini a wata ukun farko, ya fi ma yawa ga waɗanda aka yi wa dashe, kuma da yawansu suna haihuwa lafiya. Jini baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa tsohon jini ne da ya kwana kafin ya fito. Bakin mahaifar mai ciki yana cika da jini ya yi laushi, maganin matsin da ake ba masu dashe, in shi kike sakawa kullum, yana iya gogarsa ya ɗiga. Wani lokaci ɗan jini ne ke taruwa a bayan jakar cikin ya tsiyaye a hankali. Tunda ƙwai biyu aka saka, yana yiwuwa ma ɗaya ya kama ɗaya ya bi ruwa. Abin da ya sa na ce ki kira shi ne tarihin hanyoyin ƙwanki. Ko da likita ya ajiye ƙwan a cikin mahaifa da hannunsa, yana iya gangarawa ya maƙale a cikin bututun ya fara girma a can. Wannan shi ne cikin wajen mahaifa. Yana faruwa ga kamar ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na masu ciki, kuma macen da bututunta ya taɓa lalacewa ta fi sauran haɗari. Gwajin jini yana cewa akwai ciki, amma ba ya faɗin inda yake zaune. Hoto ne kaɗai ke nuna wannan. Likitan yana iya cewa a matso da hoton, yana iya cewa ki jira ranarki. In an matso da shi aka ga jaka a cikin mahaifa amma ba a ga bugun zuciya ba tukuna, kada cikinki ya ɗuri ruwa. A mako shida cif wani lokaci bai fito ba, shi ya sa tun farko suka ba ki mako na bakwai. Hoton da ake yi ta gaba ya fi na saman ciki gani a wannan lokacin, kuma ba ya taɓa cikin.

Akwai alamun da in kin gan su ba a jiran gari ya waye, ba a jiran Abuja ta ɗauki waya. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara wanda ba ya lafawa. Ciwo a ƙarshen kafaɗa haka kawai ba ki ɗauki komai ba. Jiri, ganin duhu-duhu, zufa mai sanyi ko suma. Jini ja mai zuba da ke jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, ko mai gudaji. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni. Amai da ya hana ko ruwa zama a cikinki yini da kwana. Sai kuma wani da ya shafi masu dashe kawai: in a wannan zagayen aka yi miki alluran ƙara ƙwai aka ɗebo, ma'ajiyar ƙwan tana iya kumbura ta tara ruwa a ciki, kuma samun cikin yana ƙara tayar da shi. Alamarsa ciki ya yi tim kamar ganga cikin kwana ɗaya ko biyu, nauyi ya ƙaru da sauri, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, asibiti mafi kusa, nan take.

Na ce mafi kusa don na san inda kike. Daura ba Abuja ba ce, kuma cikin wajen mahaifa in ya fashe ba ya ba mutum awa bakwai a kan hanya. Ku zauna da maigida yau da dare ku tsara abin. Wa zai ɗauke ki in abu ya taso ƙarfe biyun dare, motar wa, da mai a cikinta? Babban asibitin Daura ne farkon tsayawa. In ana buƙatar abin da ya fi nan, Katsina na da tafiyar kamar kilomita 80, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai asibitin mata da yara na Turai Yar'aduwa. Ki sa takardunki duka a jaka ɗaya kusa da gado: ranar dashe, yawan ƙwan da aka saka, sakamakon jini, sunayen magungunanki, rukunin jininki. In rukuninki mai nagetif ne ki faɗa da bakinki, akwai allurar da ake yi wa irinku in an ga jini. Duk ma'aikacin da kika tarar, kalmar farko ita ce, "Cikin dashe ne, ƙwai biyu, hanyoyina a toshe suke." Kada kunya ta sa ki ɓoye wannan. Mai ƙwai biyu tana iya samun ɗaya a mahaifa ɗaya a bututu, abu ne da ba kasafai ba, amma mai hoton ba zai nema ba sai ya san labarin. Zai kuma yi kyau tun yanzu ki sami likitan mata a nan kusa wanda zai riƙa magana da na Abuja, don ba za ki yi wata tara kina zarya a hanyar Kaduna ba.

In kin gama wannan shiri, kin gama aikinki. Sauran abubuwan da kike saurare a jikinki ba su da labarin da za su ba ki, kuma a nan nake so ki tsaya da ni.

Laulayi ba shi da alƙawari. Yakan fara wajen mako na shida, ya yi ƙarfi wajen na tara, ya sassauta tsakanin mako 12 zuwa 16. A tsakanin nan yau yana nan gobe babu. Mata biyu zuwa uku cikin goma ba sa yin sa ko kaɗan, su haifi 'ya'yansu ƙato-ƙato. Ke naki lissafin ma ya fi rikicewa, don kina kan maganin progesterone, sinadarin da ke taimaka wa mahaifa riƙe ciki, ko na matsi ko na allura, kuma wannan maganin da kansa yana sa nono ciwo, yana kumbura ciki, yana kawo kasala da taurin bayan gida. Wato ciwon nonon da kike jin daɗinsa a baya kina cewa alamar ciki ce, wataƙila maganin ne. Ɗaukewarsa jiya kuma wataƙila jiki ne ya saba. Murɗawar mara mai sauƙi, mai zuwa ta tafi, mahaifa ce ke buɗewa, ga ma'ajiyar ƙwai da ba ta gama saɓewa daga allurai ba, ga hanji da ya yi nauyi. Na san kina matsa nononki a ɓoye ki ji ko yana ciwo. Kusan duk suna yi. Ki bari, ba abin da zai gaya miki sai ƙarin ciwo.

Tsinkayen gwajin nan kuwa, na taɓa ganin wata baiwar Allah ta zo awo da su cikin gwangwanin madara, guda goma sha tara, kowanne ta rubuta kwanan wata a jikinsa da biro. Ta jera mini su a kan tebur tana nuna na ranar Talata, wai ya fi na Litinin haske, hannunta na rawa. Na tambaye ta ko ta sha ruwa da yawa daren Litinin, ta ce ƙwarai, zafi ya dame ta. Shi ke nan dalilin. Tsinken nan tambaya ɗaya aka yi shi ya amsa: akwai sinadarin ko babu. Duhun layin yana bin yawan ruwan da kika sha, da kamfanin da ya yi shi, da minti nawa kika bar shi. Kuma ko da ciki ya tsaya, Allah ya kiyaye, layi biyu zai ci gaba da fitowa kwanaki, don sinadarin ba ya barin jiki rana ɗaya. To abin da ba zai iya yi miki albishir ba, ba zai iya yi miki gargaɗi ba, me ya sa zai riƙa cinye miki asubarki? Ki tattara na jeren ki zubar, waɗanda ba ki buɗe ba ki ba maigida ya fitar da su daga gidan.

Maganinki kada ki tsayar da shi don kin ga jini, kada kuma ki ƙara don tsoro. Mabiyiya ba ta karɓi aikin samar da progesterone sosai ba sai wajen mako na goma, shi ya sa yawancin likitoci ke barin mace a kansa zuwa mako 10 ko 12. Wanda ya ɗora ki shi zai sauke ki. Na matsin yana narkewa da zafi, kuma kin san zafin garinku, ga wuta ba tabbas. Ki ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗakin, ko gindin randa. Farin abin da kike gani yana fita bayan kin saka, man da aka haɗa shi da shi ne, maganin ya riga ya shiga. In an ba ki asfirin ko allurar tsinka jini, ki ambata wa likita lokacin da kike faɗa masa maganar jinin. Folik asid kullum, aƙalla maikirogiram 400 har mako na 12, in an rubuta miki mai miligiram 5 ki bi wannan. Ciwon kai ko na jiki, farasitamol. Ibuprofen da diclofenac da haɗin da masu kemis ke ƙullawa a leda, a'a.

Sai Hajiya, uwar mijinki. Ki duba ta da idon tausayi, ita ma shekara tara take jiran wannan jikan, kuma abin da ta sani ta kawo. Amma jiƙon nan kada ya shiga bakinki. Ba wanda zai iya gaya miki saiwar me da sassaƙen me ke ciki, ko nawa ne ya yi yawa, kuma waɗannan makonnin su ne ake ƙera zuciya da ƙwaƙwalwa da lakar jariri. Akwai itatuwan da ke sa mahaifa ta murɗa. Ba ke za ki yi wannan gardamar da ita ba. Ɗanta ne zai je ya durƙusa ya ce, "Hajiya, likita ya ce maganin da take sha ba a haɗa shi da komai, ki taya mu da addu'a." Ki ba ta wani aikin da za ta riƙe: ta dama miki kunun gyaɗa, ta yi miki miyar kuka ko ta kuɓewa, ta raka ki hoto in kina so.

Kwanciya a gado dare da rana ba ta riƙe ciki. An gwada an duba, ba ta hana ɓari. Abin da take yi shi ne ta sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, haɗarin da mai ciki kuma mai shan waɗannan magunguna ta riga ta fi kowa, ta ƙara taurin bayan gida, ta bar ki ke da rufin ɗaki kuna kallon juna kina saƙa da warwara. Ƙwan ba ajiye yake kamar a faranti da zai gangaro in kin miƙe ba, ya nutse cikin naman mahaifa. Shara, girki, tafiya zuwa makaranta, ruku'u da sujada, tari, atishawa, ba ɗayansu da ke zubar da ciki. Ki guji ɗaukar jarkar ruwa da daka da doguwar tafiya a kan mashin, musamman yanzu da ma'ajiyar ƙwanki ke iya zama a kumbure. Kwanciyar aure ku dakata har jinin ya ɗauke ku ji daga likita. In jinin ya tsaya kuma likita bai hana ba, ni ina ganin komawa aji zai yi miki amfani. Yara arba'in masu surutu ba sa barin mutum ya saurari mararsa.

Mutane suna ɗaukar cikin dashe kamar ɗanyen ƙwai a cokali. Yarinyar farko da aka haifa ta wannan hanya a duniya, Louise Brown, an haife ta a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, ta girma ta haifi nata 'ya'yan ba tare da dashe ba. Da zarar ya kama, ciki ne. Awonsa ne ke son kulawa fiye da na sauran, saboda yiwuwar tagwaye da hawan jini.

Ba zan yi miki alƙawarin abin da ba a hannuna yake ba. Wasu cikkunan suna tsayawa a wata ukun farko, na dashe da wanda ba na dashe ba. Kusan rabinsu ko fiye, matsalar tana cikin ƙwayoyin halittar ƙwan ne tun ranar da ya haɗu, ba abin da uwa ta ci ko ta ɗauka ko ta yi tunani. Damuwarki ma ba ta zubar da ciki, don haka kada ki ƙara wa kanki tsoron tsoro. Ranar da aka ga bugun zuciya a hoto, haɗarin yana raguwa sosai, yana kuma ƙara raguwa duk mako.

Abin da na fi jin tsoro a ƙasarmu ma sauro ne. Ki kwana cikin gidan sauro kullum, damina ko rani. Zazzaɓi in ya zo a gwada jini kafin a sha komai, kuma likita ya zaɓi maganin. Fansida na rigakafi da ake bayarwa wurin awo ba a fara shi sai ciki ya kai mako 13. Fura da nono ki tabbata an tafasa madarar kafin a yi nonon. Tsire da balangu su gasu sosai, hanta ki bar ta yanzu saboda yawan bitamin A. Goro da shayi mai kauri da Nescafé ki rage. In tashin zuciya ya dawo, kuma ina sa ran zai dawo ya ishe ki, ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki ajiye busasshen biskit ko 'yar gurasa a gefen gado ki ci kafin ki miƙe, ki jefa ɗanyar citta a ruwan zafi ki kurɓa.

Na san za ki yi tunanin salla da wannan ɗigon. Malamai sun saɓa: a Malikiyya da muka tashi a kai ana ɗaukar jinin mai ciki haila ne, wasu mazhabobin suna ɗaukarsa jinin ciwo da ba ya hana salla. Ki tambayi malamar Islamiyyarku ko malamin da kika yarda da shi sau ɗaya, ki bi, kada ki yi ta yawo da tambayar. Zikiri da addu'a kuwa ba abin da ke hana su.

Dare ne ya fi wuya, na sani. Wayarki ta kwana a falo, don duk alamar da kika bincika ƙarfe uku na dare sai kin tarar da labarin wadda nata ya ƙare da kuka. In kin farka zuciya na bugawa, ki zauna, ki ja numfashi a hankali ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, ki ɗauki carbi. Duk tambayar da ta taso ki rubuta ta a littafi ki tara wa likita. Ki zaɓi mutum ɗaya, 'yar'uwa ko aminiya mai riƙe sirri, wadda za ki iya kira ki ce "yau tsoro nake ji" ba tare da ta ce ki yi istigfari ba. Ɓoye ciki ga jama'a har ya yi ƙwari al'adarmu ce kuma tana da kyau, amma ɗaukar wannan kaya ke kaɗai ya yi nauyi. Maigida ma ki tambaye shi yadda yake ji. Mutumin da ya sayar da filinsa, in kin ga ya yi shiru yana ta danna rediyo, shi ma ƙirga kwanakin yake. In kuwa rashin barcin ya kai mako biyu, ko abinci ya gagara, ko kuka ya ƙi tsayawa, ki faɗa wa likita kai tsaye, akwai taimakon da ake yi wa mai ciki a kan wannan.

Ranar hoton kada ki tafi ke kaɗai, kuma ki gaya wa mai hoton tun kafin ki hau gado cewa shekara tara kika jira, ya yi miki magana da zarar ya ga abin da ya gani, kada ya bar ki cikin shiru yana aune-aune. Ki rubuto mini bayan kun dawo.